Mita Ɗayan da Baba Kafinta Ya Yanke

Wata uku Baba Kafinta bai amsa gaisuwata ba, a kan laifin da ban ji ba ban gani ba. Ni tela ce. Kekena yana ƙarƙashin tagar da ke kallon katangar da ta raba gidanmu da nasu, kuma katangar ba ta da tsayi, ko cokali ya faɗi a bayan gidansu ina ji. Ba zan ce ba ni da sa ido ba. Ina da shi, haushina kawai ban yi amfani da shi a kan lokaci ba.

Ɗakin Baba na katako ne, a bayan gida yake, da hannunsa ya yi abinsa bayan ya bar wa autansa babban gidan har da takardarsa. Tsawonsa mita huɗu, faɗinsa uku. In ka ji girman sai ka raina, in ka shiga kuwa sai ka rasa abin da babu. Ga gado, ga kujera, ga akwatin kayan aiki, ga risho a kusurwa, ko buta tana da ƙusar da ake rataye ta. Tagarsa ta baya tana kallon tawa. Kullum da safe sai ya tura ta ya ce, "Mai keke, an tashi lafiya? Yau wa za a ɓata wa yadi?"

Ni kuma in ce, "Wanda ka ɓata wa kujera jiya, Baba."

Ɗan nasa manajan gidan mai ne, duk layi Manaja ake ce masa, uban ne kaɗai ke kiransa Auta. Mutum ne mai fara'a da turare, in ya gaishe ka sai ka ɗauka shi ya fi kowa tarbiyya a garin. Wata ranar da Baba ya fita sayen ƙusa, na ga Manaja a bayan gida tare da wani mai walda. Suna taka ƙasa suna ƙirga taku, daga bakin ɗakin zuwa katangar da ke kallon layin baya. Na ji mai waldan yana cewa, "In an fasa nan, ƙofar za ta ci mita uku." Manaja ya ɗago ya ga labulena ya motsa, sai ya rage murya. Na ci gaba da ɗinkina, na ce a raina gidansu ne, ina ruwana.

Bayan mako guda takarda ta zo.

"Baba, ga abin da ofishin tsara gari suka aiko," in ji Manaja, ya durƙusa kamar abin kirki. "Wai wani maƙwabci ya kai ƙara."

"Ƙarar me?"

"Ɗakinka ya matse katangar mutane. Doka ta ce a bar mita ɗaya da rabi tsakani."

Baba bai karɓi takardar ba, idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Tef ɗin awonsa ya ɗauko, ya zagaya baya, ya ɗora a katangata. Shi kuwa mutum ne da in tef ya nuna abu, magana ta ƙare.

"Rabin mita ne," ya ce. "Gaskiyarsu. Saura mita ɗaya. Wane maƙwabcin ne?"

"Ba su faɗa ba, Baba. Amma katangar ta waye?"

Ina zaune ina ji, ƙafata ta tsaya a kan keke. Gaskiya ne, wata damina na taɓa yi masa mitar ruwan rufinsa yana zubo mini, ya sa indararo a ranar, muka yi dariya aka wuce wurin. Gaskiya ne kuma an taɓa ganina a wannan ofis, lokacin da na je neman izinin kafa allon shagona. Abu biyun nan Manaja ya haɗa ya ɗinka mini riga, ta kuwa zauna mini daidai.

Na leƙa ta kan katanga na ce, "Baba, wallahi ba ni ba ce."

Ya naɗe tef ɗinsa bai kalle ni ba. Manaja ne ya amsa, da murmushin nan nasa. "Haba Anti, ai ba wanda ya kira suna."

Ɗakin ba ya matsuwa gaba, a kan daɓen siminti yake, ga bishiya a bakin ƙofa. Manaja ya ce abu mafi sauƙi a rage shi ta baya, kafin su zo da kansu su rushe gaba ɗaya. Ya ce zai kira yara su yi. Baba ya ce ba yaron da zai sa wa ɗakinsa zarto yana raye. Kwana huɗu ya yi yana aikin, dattijon da ya ba saba'in baya, shi kaɗai a kan tsani. Ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya miƙar da su, ya zuba a gwangwani. Ya yanke mita ɗaya cif, ba ƙari ba ragi, ya mayar da bangon baya. Tagar da muke gaisawa ba ta dawo ba. Katako ya buga a gurbinta, kuma na san ba ƙarancin wuri ne ya sa ba.

Na ce a raina to an gama, ya bi doka, sai a bar shi ya huta. Ashe an fara ne.

Takarda ta biyu ta ce ba a kunna wuta a ɗakin katako. Matar Manaja, Maman 'Yan Biyu, ita ta zo ta ɗauke rishon da kanta, tana ta ba da haƙuri. "Baba, ai ma ka huta. Mu da muke dafawa, me zai sa ka wahala?" Mutumin da ya saba dafa ruwan zafinsa tun rana ba ta fito ba, ya koma jiran a kai yara makaranta, a dawo, a yi wanke-wanke, sannan a tuna da shi. Sau da yawa sai hantsi ya dubi ludayi nake jin ƙarar kwano a bakin ƙofarsa. In ya yi magana ta ce, "Wayyo Baba, na ɗauka an kawo maka."

Takarda ta uku ta ce wayar lantarkin da aka jawo daga babban gida ba ta bisa ƙa'ida. Aka yanke. Fanka ta tsaya, ga taga ɗaya ta rage, ga rufin kwano. Tarin da yake yi jefi-jefi ya zauna masa a ƙirji, har ta cikin ƙarar kekena ina jin sa.

Duk takardar da ta zo, a hannun Manaja take zuwa. Ban taɓa ganin ma'aikaci ya ƙwanƙwasa ƙofarsu ba, ni kuwa ko mai karanta mitar ruwa ya shigo layin sai na gan shi. Manaja zai karanta da ƙarfi, ya girgiza kai, ya ninke ya mayar aljihu. Kullum kuma da abin da yake rufewa da shi, yana ɗan karkato da murya wajen katangata: "Mutum ka zauna da shi lafiya shekara da shekaru, ashe yana riƙe da kai a ciki."

Maganar ta fita layi. Matar mai shagon layinmu ta karɓe yadinta ban ko yanka ba. Wata da na yi wa ɗinki shekara tara ta ce mini a bakin famfo, "Ke kuwa me tsohon nan ya tsare miki?" Maigidana ya ce in kama bakina, rigimar gidan wasu ce. Na kama, amma abin yana cina. Har na fara zargin na kusa da ni, ina kallon maigidan nawa ina tunanin ko shi ya je a ɓoye, tunda katangar tasa ce shi ma. Haka zargi yake, in ya shiga layi ba ya tsayawa a gida ɗaya.

Wata rana na dafa ruwan zafi na zuba a filas, na miƙa ta kan katanga. Baba yana zaune a gindin bishiya.

"Baba, ga wannan kafin a kawo naka."

Ya dubi filas ɗin, ya dube ni. "Na gode. Kada a rubuta cewa ina karɓar kaya ta kan katanga."

Na koma ɗaki na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa jin magana ta yi mini ciwo haka ba.

Daga nan sai Manaja ya zo da sabuwa. Ya ce ya ji ƙishin-ƙishin masu dubawa za su zo kowace rana, kuma in suka tarar da alamar ana kwana a ɗakin, a ranar za su rushe shi. Dabara ita ce a nuna musu ɗakin ajiya ne. Don haka kullum da safe a naɗe katifa a kai babban gida, a sa wa ɗakin kwaɗo ta waje, Baba ya zauna a benci har yamma. Makullin kuwa yana cikin makullan Manaja, yana tafiya da shi wurin aiki. Ranar da aka yi ruwan sama da rana, a ƙarƙashin bakin rufin ɗakinsa Baba ya raɓe, ƙafafunsa a cikin ruwa. Maman 'Yan Biyu ta leƙo ta ce ya shigo falo mana, ya ce a'a, ƙafarsa da taɓo, an shimfiɗa sabon kafet. Ta koma ciki abinta.

Na ji shi sau ɗaya ya tambaya, a hankali, kamar mai roƙon alfarma a gidan wani. "Auta, ɗakin nan na kusa da falo fa? Kafin a ga abin da hali zai yi."

"Baba, ai kayan 'yan biyu ne a ciki, ga jarrabawa ta matso. Ga kuma tarin nan naka, likita ya ce a yi hankali da yara. Ka ƙara haƙuri, ina ta bin maganar a ofis."

Babbar 'yar Baba tana aure a wani gari. Na ji shi yana waya da ita, ya sa a lasifika don kunnensa ya yi nauyi. Ta ce, "Baba, Auta ya fi mu sanin harkar gwamnati. Ka bi abin da ya ce. In abin ya ƙi, ai ga nan." Nan ɗin da take nufi hawa na uku ne a gidan haya, ciki da falo, da yara biyar.

A makon nan ne aka kawo mota. Fara ce, sabuwa fil, ta kwana a titi an lulluɓe ta da tanti. Manaja yana fitowa yana zagaya ta yana tsaki, wai yara suna jingina da ita. Ina kallonsa ta taga sai mai waldan nan ya faɗo mini a rai, da takun da suka ƙirga. Na ajiye almakashi na ɗauki mayafina.

A ofishin tsara gari na yi zaman awa biyu kafin a tura ni wurin wata ma'aikaciya mai gilashi. Na ce mata ni dai sunana nake so a wanke, a ba ni shaida cewa ban kai ƙarar kowa ba. Ta ce ba sa ba da irin wannan. Na faɗa mata layi da lambar gida, ta jawo wani fayil ta buɗe, ta ɗaure fuska.

"Wannan ai ya kwana biyu yana jira," ta ce. "Gara da kika tuna mini. Jibi zan zo."

Na fito ina murna, wai gaskiya za ta yi halinta. Ban san da ƙafata na je na kira abin da zai ƙarasa shi ba.

Ta zo da hantsi, ranar Manaja bai fita da wuri ba. Da ya gan ta sai fara'ar ta ɗauke na ɗan lokaci, sannan ta dawo. Ni ina tsaye a bakin katanga, ban ma yi wani ɓoye-ɓoye ba. Baba ya miƙe daga bencinsa ya gaishe ta kamar ya ga alƙali, ya ce, "Malama, duk abin da kuka ce na yi. Ki auna ki gani."

"Me muka ce?"

"Takardunku uku. Auta, ba ta."

Manaja ya ce ai ba ya jin suna kusa. Maman 'Yan Biyu, ko don rashin sani ko don ta gaji, ta ce, "Ai ga su can a kan firji," ta je ta ɗauko. Ma'aikaciyar ta juya su gaba da baya.

"Wannan ba wasiƙarmu ba ce. Ba hatimi, ba sa hannu, ba kwanan wata. Shafuka ne aka kwafo daga littafin dokar gini, kowa zai iya saye a ƙofar ofis. Kuma na sababbin gine-gine ne. Yaushe aka yi ɗakin nan?"

"Shekara goma sha ɗaya ke nan," in ji Baba.

"To ai ya girmi dokar. Da ba a taɓa shi ba, ba mai ikon ce maka komai. Wa ya ce a yanke?"

Ta ciro tef ɗinta, Baba ya riƙe mata bakinsa. Uku ta nan, uku ta nan.

"Uku sau uku, tara ke nan," ta ce. "Baba, tunda an sake masa fasali, ya zama sabon gini a wurinmu. Ɗakin da mutum zai kwana kuwa doka ta ce kada ya gaza goma. Da nawa ne?"

"Sha biyu." Da ƙyar na ji muryarsa.

Na kasa haƙuri na ce, "Malama, don Allah faɗa masa, ni na kai ƙara?"

Ta dube ni ta saman gilashi. "Wace ƙara? Ba maƙwabcin da ya kawo mana komai. Mai gida ne ya rubuto." Ta buɗe fayil ɗin ta karanta, ita a ganinta kowa ya san da maganar. "Yana neman a zo a duba wani ɗakin ajiya a bayan gidansa, wanda wani yake kwana a ciki ba bisa ƙa'ida ba."

"Wani," in ji Baba.

Manaja ya fara zuba. Ya ce haka ake rubutawa a harshen ofis. Ya ce shi gaba ya yi don kada a zo a ci su tara. Ya ce ɗakin katako haɗari ne ga mai shekaru, in gobara ta tashi shi za a zaga. Ya ce duk don lafiyar Baba yake yi, Allah ne shaidarsa. Ma'aikaciyar ta bar shi ya gama, da alama ta saba jin irinsu. Sannan ta zaro wani fom.

"Akwai gyara. In aka ƙara rabin mita ta gefen nan, ya wuce goma. A sa taga ta biyu, a jawo wuta yadda ya dace, sai mu ba da izinin zama. Mai takardar gida ne kawai zai sa hannu a nan."

Baba ya riga ya juya yana kallon gefen, na ga leɓensa yana motsi, yana lissafin katako. "Kwana uku ya ishe ni," ya ce. "Wanda na cire yana nan, ban yar ba."

Ta miƙa wa Manaja biro. Ya karɓa, ya duba fom ɗin sama da ƙasa, ya duba agogonsa.

"Bari in karanta shi a natse. Ba a sa hannu a takardar gwamnati da gaggawa. Zan kawo miki ofis."

Ta ce kwana talatin ne, in bai kawo ba, dole a daina kwana a ɗakin. Ya ce in sha Allahu. Ya ninke fom ɗin ya sa a aljihun da sauran takardun suka saba shiga.

Da la'asar Baba ya zo bakin katanga, karo na farko a wata uku. Ya leƙo ya ce, "Mai keke, ki yafe mini."

"Baba, ni ce zan ce ka yafe mini. Ni na je na taso ta."

"Ke ba ki yanke komai ba. Ni na yanke." Ya dafa katangar. "Shekara hamsin ina gaya wa yara kada su sa zarto sai sun tabbatar. Na auna katanga, ban tambayi takarda ba."

Na ce a tara dattawan layi, a kira 'yarsa, a matsa wa Manaja ya sa hannu. Ya girgiza kai. "Ɗana ne. Ba zan tsayar da shi a gaban mutane ba. Ai ya ce zai karanta."

Kwana talatin suka cika yana karantawa.

Baba bai jira an zo an fitar da shi ba. Ya kwance ɗakin da kansa, katako bayan katako, ya jera su a gindin bishiya bisa tsayinsu. Mai walda ya dawo ya fasa katangar layin baya, aka sare bishiyar, aka kawo wasu samari su kafa wa mota rumfa da katakon Baba. Saura kwana biyu a zo a tafi da shi gidan 'yarsa, yana kwana a kan tabarma a barandar gidan da ya gina, sai na ji Manaja yana cewa, "Baba, ko za ka ɗan duba musu? Kada su ɓata katakon."

Na so Baba ya zage shi. Wallahi na so. Ya zauna yana kallon samarin suna kafa ginshiƙi a karkace, ya kawar da kai, ya sake kallo. Can ya miƙe ya ce, "Kai, ba haka ake yi ba. Ba ni gudumar." Shi ya tsayar da rumfar, da ƙusoshin da ya miƙar ya tara a gwangwani.

Ranar tafiya ya miƙo mini tef ɗinsa ta kan katanga. Ya ce a can ba abin da zai auna. Daga baya 'yar tasa ta gaya mini a waya cewa a falo yake kwana, sai yara sun gama kallo ake shimfiɗa masa, kuma tunda ya hau benen sau biyu ya sauko.

Jiya da Manaja ya fita na zagaya layin baya, ƙofar a buɗe take, na shiga da tef ɗin. Rumfar tsawonta mita biyar, faɗinta uku, sha biyar ke nan. Jingine take da katangata, ko ɗan yatsa ba zai shiga tsakani ba, ruwan rufinta kuwa a kan tagata yake zuba. An jawo mata wuta, har da ƙwan lantarki biyu. Yau wata biyar ke nan, ba takardar da ta zo.